Daga Tiga Zuwa Tabkin Cadi: Bin Sawun Kogin Haɗeja

Wanda ya bar birnin Kano da hantsi ya nufi kudu, bayan tafiyar kamar kilomita 70 zai iske kansa a gindin wata doguwar ganuwa ta ƙasa da duwatsu, wadda tsawonta ya kai kilomita 6, tsayinta kuwa a inda ta fi bisa ya tasam ma mita 48. In ya hau kanta ya duba kudu, ba abin da zai gani sai ruwa shimfiɗe iyakar ganin ido, da 'yan tsibirai na duwatsu, da kwale-kwalen masunta nan da can kamar an watsa ɓawon gyaɗa. Wannan ita ce madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka tare Kogin Kano da ita. In kuma ya juya arewa, sai ya ga ruwan yana fita ta hanya biyu. Wani ya shiga babbar magudana ya nufi gonaki, wani ya sauka tsohuwar hanyar kogi ya kama gabansa. Masu jiran wannan na biyun suna da yawan gaske, a Wudil da Ringim da Haɗeja da Nguru har zuwa ƙasar Bade, kuma galibinsu ba su taɓa ganin Tiga da idonsu ba.

An gama ginin madatsar a 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, a daidai lokacin da farin nan mai tsanani ya addabi ƙasashen Sahel, dabbobi suka yi ta faɗuwa, rumbuna suka zama wayam. Saboda haka ba wanda ya ga laifin gwamnatin da ta ce za ta tare ruwan damina ta ajiye wa rani. An tsara tabkin ya ɗauki ruwa kubik mita miliyan 1,900 da ɗoriya, kubik mita guda kuwa shi ne cikin durum 5. A 1992 aka ƙara wata madatsar a kan Kogin Calawa, a ƙasar Ƙaraye, mai cin kubik mita miliyan 900 da 'yan kai. Waɗannan biyun ne ke riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Watau tun daga wannan shekara, ranar da kogin zai cika da ranar da zai janye sun koma hannun masu buɗe ƙofofin madatsun nan da rufe su.

Albarkar Kadawa da Kura

Matafiyin da ya bi babbar magudanar nan zai wuce ta Ruwan Kanya, ya faɗa cikin gonakin Bunkure da Garun Malam da Kadawa da Kura. Ko a tsakiyar watan Maris, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, nan kore shar yake. Ga shinkafa, ga alkama, ga masara, ga tumatir da albasa. Shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000, shi ne ya mai da Kura garin shinkafa, ya kuma sa Kwanar Gafan ta zama kasuwar da manyan motoci ke lodin kwandunan tumatir zuwa Legas da sauran biranen kudu. Samarin da a da sukan tafi cin rani da zarar an gama girbi, da yawansu sun sami abin yi a gida.

Gaba kaɗan, wajejen Tamburawa, Kogin Kano da na Calawa suka haɗu. A nan ne kuma birnin Kano yake ɗibar babban rabonsa na ruwan sha, daga matatar Tamburawa da tsohuwar matatar Calawa. Birni mai miliyoyin mutane da masana'antu ba ya iya jiran damina, dole ne famfo ya kawo rani da bazara. Don haka sai an riƙa sakin ruwa cikin kogin kullum, ko da babu hadari a sama. Wannan buƙata ta gaskiya ce, ba mai musunta. Amma ruwan da aka saka ba ya tsayawa a Tamburawa, abin da ya ragu yakan wuce ƙarƙashin gadar Wudil ya miƙa gabas, kuma a can ne ake ganin sakamakonsa.

Inda kogi ya rasa gaɓa

Daga Wudil ƙasa takan fara sauya kama. Duwatsu su ƙare, kogin ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai yashi, inda tsofaffin tuddan rairayi suka yi jere daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Irin waɗannan jigayi ne suka ba Jihar Jigawa sunanta. A nan ruwa ba ya samun gangare, sai ya rage gudu, ya zubar da yashin da ya ɗauko, ya shiga neman hanya tsakanin tuddai. Kafin Haɗeja wani reshe ya ɓalle ya bi ta Kafin Hausa. A kusa da Auyo akwai wata ƙaramar madatsa da ke karkata ruwa zuwa shirin noman rani na Kwarin Haɗeja. Bayan an wuce garin Haɗeja, wajejen Likori, sai kogin ya sake rabuwa: ga tsohon Kogin Haɗeja, ga Burum Gana, ga kuma Marma wanda ya nufi tabkin Nguru.

Wannan yanki shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, kuma dattawan wurin suna iya lissafa yadda shekara take tafiya a cikinta kafin a gina madatsu. Da saukar damina manomi zai watsa irin shinkafa a kwari, ya shuka gero da dawa a tudu. Wajen watan Agusta ruwa ya iso daga yamma, ya cika kogi ya batse, ya malala cikin kwaruruka, shinkafa ta yi ta tashi tare da shi. Kifi ya biyo ruwa ya shiga cikin ciyayi ya hayayyafa. Da kaka ruwa ya fara janyewa, masunta su tare bakin ƙoramu su kwashi tarwaɗa da karfasa da bargi da gaiwa. Manomi ya bi sawun ruwa yana shuka wake da kuɓewa da sauran kayan lambu a cikin laima, ba tare da ya yi ban ruwa ba. Can cikin rani Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa da harawa, su bar taki. Zuwa bazara kogi ya ƙafe sai 'yan gurabe, ƙasa ta tsattsage, ta huta. Fili guda ke nan ya ciyar da manomi da masunci da makiyayi, kowa da lokacinsa. Bugu da ƙari, ruwan da ya kwanta wata da watanni a kan yashi yakan nutse ƙasa, shi ne rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi suke sha.

Ma'aunin da aka yi ya nuna cewa a ƙarshen shekarun 1960 ambaliyar shekara takan rufe fili fiye da murabba'in kilomita 2,000. A wasu shekaru na 1980 da farkon 1990 kuwa ba ta kai ko 1,000 ba. Fari yana da nasa kason a cikin wannan raguwa, madatsu ma suna da nasu. Wani bincike da masana tattalin arziki suka yi a farkon shekarun 1990 ya auna amfanin da ake samu daga noma da su da itace a fadamar, ya kwatanta shi da na gonakin noman rani na Kano, sai aka ga kowane durum na ruwa ya fi kawo riba a fadama ninkin ba ninkin. Dalili kuwa a fili yake: ruwan fadama ba a gina masa magudana ba, ba a sayi inji domin shi ba, kuma aiki uku ko huɗu yake yi kafin ya tafi.

Kacalla ta ci gari

Abin mamaki shi ne, mutumin da ya je Guri ko Kirikasamma ko ƙauyukan bakin Marma ya tambayi abin da ya fi damunsu, da wuya su ce masa ƙarancin ruwa. Za su nuna masa wata doguwar ciyawa mai kaifin ganye, wadda ta fi mutum tsayi, ta tsaya cinkus daga wannan gaɓa zuwa waccan. Sunanta kacalla. Tun da can akwai ta nan da can a bakin tafkuna, amma ba ta yin ƙarfi, domin bazara takan busar da saiwarta. Da aka fara sakin ruwa rani da damina, sai ta sami abin da take so, watau ruwa maras zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta yaɗu, ta tare yashi da laka, laka ta toshe hanyoyin ruwa. Ambaliya mai ƙarfi da a da takan wanke hanyoyin nan kowace shekara kuwa an riga an tare ta a Tiga da Calawa.

To, ruwa ba ya tsayawa don an toshe masa hanya, sai ya nemi wata. Tsohon Kogin Haɗeja da Burum Gana suka yi ta cikewa, mafi yawan ruwa ya karkata zuwa Marma. Sakamakon haka gonakin da ke gefen Marma da tabkin Nguru suka nutse shekara da shekaru, ba a shuka ba a girbi, alhali ƙauyukan da ke kan sauran rassan suna kallon busasshen kwari. Maƙwabta biyu, tsakaninsu bai wuce tafiyar yini a ƙafa ba, ɗaya yana kukan ruwa ya yi yawa, ɗaya yana kukan babu. Kacalla ta hana kwale-kwale wucewa, ta hana jefa birgi, ta zama maɓoyar sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Uwa uba, ta zama masaukin tsuntsayen jan baki, waɗanda in suka sauka a gonar shinkafa ko gero da safe, kafin azahar sai kara.

Mutanen yankin ba su naɗe hannu ba. Sukan yi gayya, ƙauye da ƙauye, su shiga ruwa iya wuya da lauje da adda suna yankan ciyawar domin buɗe wa ruwa hanya. Gwamnati ma takan kawo motocin yasa masu aiki a cikin ruwa. Sai dai kacalla ba ta mutuwa da yanka kawai, in dai ƙasa ba ta bushe ba za ta sake tofowa. Kuma idan shekara ta zo da ruwa mai yawa, tabkuna suka cika suka tumbatsa, sai ruwan ya iske hanya a toshe ya afka wa garuruwa. An ga haka a 2001, an kuma gani a 2022, lokacin da mutanen Haɗeja suka kwana suka yini suna jera buhunan ƙasa a kan jinga domin kare garinsu.

Baƙin Nguru da Dagona

Nguru gari ne da jirgin ƙasa ya raya, domin nan ne layin dogo da ya taso daga Kano ya tuƙe wajen 1930, aka riƙa lodin gyaɗa da fatu da ƙaro da busasshen nama. Amma akwai wasu matafiya da suka riga jirgi sanin wurin. Kowace shekara da sanyi ya kama ƙasashen Turai, dubban tsuntsaye sukan ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, kuma wannan fadama tana cikin wuraren farko da suke samun ruwa da abinci bayan sun fito daga rairayi. Wanda ya je Dagona, cikin ƙasar Bade, da sanyin safiyar watan Janairu, zai iske baƙin agwagin nan sun cakuɗa da 'yan gida, su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da balbela, in suka tashi gaba ɗaya sai ka ce hadari ya haɗo. Saboda su ne aka kafa shirin kiyaye fadamar a 1987, kuma a shekarar 2000 aka sa tabkin Nguru da Marma cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Tsuntsayen nan ma buɗaɗɗen ruwa da laka suke so, ba su da abin yi da kurmin kacalla.

Gashuwa da ruwan Jama'are

Kusa da Gashuwa, hedkwatar masarautar Bade, abin da ya tsira na ruwan Haɗeja yakan haɗu da Kogin Jama'are, daga nan sunan ya koma Komadugu Yobe. Gaskiyar magana ita ce, ruwan Haɗeja kaɗan ne yake kaiwa nan. Yawancin abin da ke wucewa ƙarƙashin gadar Gashuwa na Jama'are ne, kogin da ya samo asali daga tsaunukan Jos, ya ratso ƙasar Ningi da Jama'are da Katagum. Shi har yanzu ba a yi masa babbar madatsa ba, yana cika da damina yana janyewa da rani kamar yadda aka san shi. Shi ne ke riƙe da shinkafar Bade da bikin kamun kifi na Gogaram.

Wannan ne ya sa sunan Kafin Zaki yake tayar da jijiyar wuya. Wuri ne a Jihar Bauchi inda aka yi niyyar datse kogin da madatsar da za ta fi Tiga girma. An ba da aikin a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka tsayar a 1984, aka farfaɗo da shi a 1992, aka sake tsayarwa a 1994, kuma tun daga nan maganar takan taso ta kwanta. Mutanen Bauchi suna da hujja: sun ga abin da Tiga ta yi wa Kura, suna son irinsa ga 'ya'yansu. Mutanen Yobe da Borno ma suna da tasu: sun ga abin da ya sami Kogin Haɗeja, suna tsoron kada a rufe musu ƙofa ɗaya da ta rage. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Daga Gashuwa kogin ya ƙanƙance, ya yi ta lanƙwasa cikin rairayi tsakanin goruba da bagaruwa, ya wuce Gaidam, ya bi kusa da kufan Birnin Gazargamu, tsohuwar hedkwatar daular Borno. Can gaba ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, Damasak a wannan gefe, Difa a wancan. Jan tattasan Difa da ake kawowa kasuwannin Nijeriya da wannan ruwa ake noma shi, ko da yake rikicin Boko Haram, musamman daga 2015, ya tarwatsa ƙauyuka da yawa na bakin kogin. A ƙarshe, wajejen Malam Fatori da Boso, kogin ya zuba cikin Tabkin Cadi. Abin da yake kaiwa tabkin ɗan kaɗan ne in an gwada da Shari da Logon masu zuwa daga kudu, amma a wannan kusurwa ta arewa, wadda ta fi saurin ƙafewa, ba wani kogi mai shigowa sai shi.

Wa zai raba?

Kogin nan da rassansa sun ratsa jihohi 6, watau Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, ga kuma Nijar. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976 take da mazauni a Kano, ita ke kula da sama. Hukumar raya yankin Tabkin Cadi da ke Maiduguri ita ke kula da ƙasa. Kogi ɗaya ke nan aka yanka biyu a kan takarda. Akwai kuma yarjejeniyar Maiduguri ta 1990, inda Nijeriya da Nijar suka amince su raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci. A 2006 aka yi taro a Damaturu, jihohin nan shida da Gwamnatin Tarayya suka amince da tsari guda na kula da kogin tun daga tushe har bakin tabki, suka kafa asusun haɗin gwiwa domin aikin, aka kuma tsara daftarin ƙa'idojin rabon ruwa.

Abin da masana suka daɗe suna ba da shawara ba boyayye ba ne. Na farko, a riƙa sakin ruwa mai ƙarfi daga madatsun a watan Agusta, lokacin da Jama'are ma yake cike, domin a mayar wa fadama ambaliyarta, a kuma rage wa tabkunan ciki kafin su tumbatsa ba shiri. Wannan yana buƙatar gyara, domin ƙofofin Tiga ba a yi su don fitar da ruwa mai yawa a lokaci guda ba. Na biyu, da rani a taƙaita abin da ake saka daidai buƙatar birni da gonaki, a gyara wuraren ɗibar ruwan Kano yadda ba sai an cika kogi ba kafin injuna su samu, don fadama ta sami watannin bushewa da za su karya kacalla. Na uku, a gina marabar ruwa a wajejen Likori wadda za ta ba kowane reshe kasonsa. Na huɗu, a ajiye ma'aunai a kan gadoji ana karantawa kullum, domin ba a rabon abin da ba a auna ba. Na biyar, a sanar da mutanen ƙasa ranar da za a buɗe ƙofa tun da sauran lokaci, kuma a zauna da sarakunan ruwa da arɗaɗɗan Fulani da shugabannin manoma kafin a tsai da ranar.

Ko wanne daga cikin waɗannan yana da wanda zai ɗan rasa wani abu. Manomin Kadawa zai koyi tattalin ruwa, ya daina barin magudana tana kwarara cikin dare. Masuncin da ya saba kafa dumba ya tare hanyar ruwa zai buɗe ta. Jihar da ke son sabuwar madatsa za ta fara jin ta bakin na ƙasa da ita. Amma wanda ya bi kogin nan daga ganuwar Tiga har zuwa Malam Fatori zai ga cewa a shekarar da damina ta yi kyau, rigimar ba ta yawan ruwa ba ce kamar yadda take ta lokacin sakinsa. Manomin shinkafa a Guri yana son ya san ko ruwa zai zo masa a Agusta, yana kuma son ya san ko zai janye kafin Disamba ya shuka wake. Amsar tambayoyin nan biyu tana can Tiga da Ƙaraye, a hannun ma'aikacin da ke juya ƙarfen ƙofa, da kuma takardar umarnin da aka miƙa masa.